Daga Sukar Baya Zuwa Harin Shammata: Nazari a Kan Wata Ƙa'ida ta Wasan Dungeons & Dragons

Tsakure

Harin shammata ƙa'ida ce da ke bai wa wani rukunin jarumai a wasan Dungeons & Dragons damar yi wa abokin gaba ɓarnar da ta zarce ƙarfin makamin da ke hannunsu, muddin wasu sharuɗɗa sun cika. Wannan maƙala ta bi sawun ƙa'idar tun daga 1975 zuwa 2024, ta fi daɗewa a kan bugu na biyar, sannan ta yi amfani da lissafi wajen nuna cewa sunan ƙa'idar ya daɗe da rabuwa da aikinta, kuma wannan rabuwar ce tushen yawancin gardamar da ake yi a kanta.

1.0 Gabatarwa

Dungeons & Dragons wasa ne da mutane ke zama kewaye da tebur su yi shi da baki, da takarda, da fensir, da dayis. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙire shi, kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka ya fara buga shi a 1974. Kowane ɗan wasa yana shiga rigar jarumi guda, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya kuma, wanda za a kira alƙalin wasa a nan, shi ke ba da labari, ya motsa dodanni da sauran abokan gaba, ya kuma yanke hukunci idan ƙa'ida ta yi shiru.

Dayis ɗin da aka fi sani shi ne mai fuska shida, irin na lido, amma wasan yana da masu fuska 4, 8, 10, 12 da 20. Littattafan wasan suna taƙaita su da alama: 3d6 na nufin a jefa dayis mai fuska shida guda uku a haɗa abin da suka bayar. Idan jarumi ya kai hari, sai a jefa mai fuska 20, a ƙara masa makin gwanintarsa, a gwada da lambar kariyar abokin gaba. In ya kai ko ya wuce, hari ya samu, sai a jefa dayis ɗin makami don sanin yawan makin rai da za a zabge wa wanda aka sara. Wanda makin ransa ya ƙare ya faɗi.

Jaruman sun kasu rukuni-rukuni: akwai mayaƙi, akwai matsafi, akwai limamin bauta, da sauransu. Rukunin da ya shafi wannan nazari shi ne wanda Turawa ke kira rog, wato gwanin saɗaɗawa da buɗe makulli da kwance tarko, mai cin nasara da wayo maimakon ƙarfin damtse. A nan za a kira shi shu'umi.

2.0 Zamanin sukar baya

Babu shu'umi a bugun 1974. Ya shigo ne a 1975 ta ƙaramin littafin Greyhawk na Gygax da Rob Kuntz, da sunan ɓarawo tsagwaronsa. An ɗebo kamanninsa daga jaruman littattafan ƙagaggun labarai irin su Gray Mouser na Fritz Leiber da Cugel na Jack Vance. Cikin baiwar da aka ba shi akwai suka ta baya: idan ya lallaɓo abokin gaba ba tare da an ji motsinsa ba, yana samun ƙarin maki 4 a jifar hari, ɓarnar kuma a ninka ta biyu. Littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons na 1978 ya tsara ninkin bisa mataki, wato matsayin ƙwarewar da jarumi ya taka a wasan: biyu daga mataki na 1 zuwa na 4, uku daga na 5 zuwa na 8, huɗu daga na 9 zuwa na 12, biyar daga na 13. Bugu na biyu na 1989 ya riƙe wannan tsani, ya kuma fayyace cewa dole wanda za a soka ya kasance bai san da ɓarawon ba, kuma yana da siffa irin ta mutum, mai gaba da baya.

A wancan zamani sunan da aikin tafiyarsu ɗaya. Sharaɗin yana cikin labari ne: sai an saɗaɗa, sai an zagaya baya, sai an shammaci mutum. Matsalar ita ce cika sharaɗin ya fi ƙarfin mai shi. Ɓarawo ɗan mataki na farko a bugun 1978 yana da kashi 15 cikin ɗari na iya tafiya ba motsi, da kashi 10 cikin ɗari na iya ɓuya a inuwa. Ko ya dace, wuƙarsa 1d4 ce, ninki biyu ya ba shi maki biyar a tsaka-tsaki, daga nan kuma asirinsa ya tonu, ga shi tsaye a tsakiyar maƙiya da sulken fata. Saboda haka suka ta baya abu ne na sau ɗaya a faɗa, in ma an samu, kuma samuwarsa na hannun alƙalin wasa kacokan. Alƙali mai sassauci ya bari, mai tsauri ya hana, babu wanda zai ce ɗayansu ya karya doka.

3.0 Sauyin shekarar 2000

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, a 2000 kuma ya fitar da bugu na uku, aikin Jonathan Tweet da Monte Cook da Skip Williams. A nan ɓarawo ya koma shu'umi, sukar baya ta koma harin shammata. An daina ninka ɓarna, aka koma ƙara dayis: 1d6 a mataki na farko, ƙarin ɗaya bayan kowane mataki biyu, har 10d6 a mataki na 19. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne an cire batun gaba da baya daga wasan gaba ɗaya. A kan taswirar faɗa mai gida-gida, inda kowane gida ke wakiltar ƙafa biyar, ana ɗauka kowa yana waige-waige ko'ina. Madadin baya sai aka kawo sharuɗɗa biyu da kowa zai iya dubawa da idonsa: ko dai abokin gaba ya rasa damar kauce wa hari da zafin namansa, misali bai shirya ba ko ba ya ganin mai harin, ko kuma shu'umi da abokin tafiyarsa sun sa shi a tsakiya, ɗaya nan ɗaya can. Mai harbi daga nesa dole ya kasance cikin ƙafa 30.

Wannan tsari ya haifi ƙoshi da yunwa a lokaci guda. Babu iyaka ga yawan harin shammata a zagayen faɗa guda, don haka shu'umi ɗan mataki na 9 mai wuƙa biyu zai iya kai sara uku, kowanne da 5d6, wato kusan maki 52 na ƙari in duka sun samu. A ɗaya ɓangaren kuma, an kafa hujjar ƙa'idar a kan cewa shu'umi yana nemo makasa ne, wato maƙogwaro ko ƙoda ko jijiya. Duk halittar da ba ta da makasa ta tsira: gawarwaki masu tafiya, da gumakan da aka tayar da tsafi, da dodannin tsiro, da waɗanda jikinsu kamar kunu yake, da fatalwa. Hazo ko duhu ma yana hanawa. Idan alƙali ya shirya dare guda a maƙabartar da ƙasusuwa ke tashi, ɗan wasan shu'umi ya zama ɗan rakiya har a tashi. Gyaran da aka yi wa bugun a 2003 bai taɓa wannan ba. Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda ya tsiro daga wannan bugu a 2009, shi ya cire gawarwaki da gumaka daga jerin masu tsira.

Bugu na huɗu na 2008 ya toshe ɓarakar farko, ya mayar da harin sau ɗaya a zagaye, da 2d6 a matakai goma na farko, 3d6 a na tsakiya, 5d6 a na ƙarshe, ya kuma watsar da jerin halittu masu tsira. Daga nan bugu na biyar ya ɗora.

4.0 Ƙa'idar a bugu na biyar

Littafin 'yan wasa na 2014 ya zo da wata dabara da ta ratsa wasan duka, wato fifiko da naƙasu. Mai fifiko yana jefa dayis mai fuska 20 guda biyu ya ɗauki babba, mai naƙasu ya ɗauki ƙarami. Idan mutum yana da duka biyun, sai su kashe juna ya jefa guda ɗaya, komai yawan dalilan da ke kowane ɓangare. A kan wannan aka gina harin shammata.

Da farko dole hari ya samu, domin dayis ɗin ƙari ba sa aiki a kan iska. Na biyu, makamin ya kasance na harbi, kamar baka ko majajjawa, ko kuma cikin waɗanda littafin ya yi wa lakabin makaman gwaninta: wuƙa, da gajeren takobi, da siririn takobin suka, da lanƙwasasshen takobi, da bulala. Gatari da kulki da naushi ba sa ciki. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar makami ta ambata, ba ta ce sai an yi amfani da zafin nama ba, saboda haka ƙaƙƙarfan shu'umi da ya soki mutum da wuƙa bisa makin ƙarfinsa bai fita daga sharaɗi ba. Tsafin da ake harbawa kamar kibiyar wuta ba makami ba ne, don haka bai cancanta ba.

Sharaɗi na uku yana da ƙofa biyu. Ta farko: shu'umi yana da fifiko a jifar. Ta biyu: ba shi da fifiko, amma akwai wani maƙiyin wanda ake hari a cikin ƙafa biyar da shi, wannan maƙiyin yana cikin hayyacinsa, kuma shu'umin ba shi da naƙasu. Ƙofa ta biyun ita ce aka fi bi, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta buƙatar ɓuya. Ba ta buƙatar a sa mutum a tsakiya, domin wannan a bugu na biyar ƙa'ida ce ta ganin dama da ke littafin alƙalai. Abokin gaba yana iya zuba wa shu'umin ido tun daga nesa, rana tsaka, a fili fetal. Hujjar ita ce wanda ke kare kansa daga takobin mayaƙi hankalinsa ya rabu, kuma rabuwar hankali ita ce shammatar.

Misali zai fi fito da abin. Wata 'yar wasa tana da shu'uma 'yar mataki na 5, mai makin hari 7, da gajeren baka mai 1d6, da ƙarin 4 na zafin nama, da harin shammata 3d6. Ayarinsu ya yi kiciɓis da wani ƙaton dodo da ake kira oga, wanda littafin dodanni na 2014 ya ba lambar kariya 11 da makin rai 59. Mayaƙin ayarin ya ruga ya tsaya gab da shi. 'Yar wasan, daga nisan ƙafa 30, ta jefa dayis ya ba da 11, da 7 ya zama 18, kibiya ta samu. Ta tattara dayis huɗu a tafin hannu ta watsa: 2, 5, 3, 6, ga 4 na ƙari, jimla 20. Dodo ya koma 39. Da layi ya zo kansa sai ya maka wa mayaƙin kulki ya sume. Yanzu mayaƙin yana nan kwance a ƙafa biyar, amma ba ya cikin hayyacinsa, ƙofa ta biyu ta rufe. Abin da ya rage mata shi ne ƙofa ta farko. Tun mataki na 2 shu'umi yana da baiwar yin ɗayan abu uku da aikin ƙari, wato ƙaramin aikin da ake yi ƙari a kan babban aikin layi: gudu, ko janyewa lafiya, ko ɓuya. Ta faɗa bayan wani dutse, ta jefa dayis ɗin ɓuya ta wuce 8, wanda shi ne makin lura na wannan dodo, sannan ta leƙo ta harba da fifiko, tunda mai harin da ba a gani yana da fifiko. Dayis uku sun dawo.

Da a ce mayaƙin bai sume ba, ya kayar da dodon ƙasa ne, da abin ya juye ta wata fuskar da ke ba sababbin 'yan wasa mamaki. Wanda ke kwance, na kusa da shi yana da fifiko a kansa, amma na nesa naƙasu gare shi. Taimakon mayaƙin sai ya zama cikas ga mai baka, domin naƙasu yana rufe ƙofa ta biyu. Haka ma idan wani maƙiyi ya matso gab da mai harbi, ko nisan ya wuce zangon farko na bakan, wanda ƙafa 80 ne ga gajeren baka. Sai dai idan ta samo fifiko daga wani wuri, ya kashe naƙasun, jifar ta zama ta kowa da kowa. A lokacin ba ta da fifiko, ba ta kuma da naƙasu, mayaƙi na tsaye kusa da dodo, don haka ƙofa ta biyu ta sake buɗewa. Wannan shi ne wurin da ya fi kowane buƙatar a karanta ƙa'idar kalma bayan kalma.

Hanyoyin samun fifiko suna da yawa: abokin gaba ya makance, ko an ɗaure shi, ko jikinsa ya sandare, ko wani ya sadaukar da aikinsa don taimaka wa mai hari. Shu'uman da suka koyi ɗan tsafi sukan riƙe mujiya ta yi musu wannan taimako, ta kawo sura ta wuce. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ƙara wata hanya: shu'umi ya tsaya cak bai motsa ba a layinsa, ya kashe aikin ƙari wajen saita hannu, ya samu fifiko. Wani reshen shu'umai, masu takobin fito-na-fito, an ba su ƙofa ta uku, wato su kaɗai da abokin karawa, babu kowa kusa.

Game da ɓarnar kanta, tana bin tsanin bugu na uku, 1d6 zuwa 10d6, kuma irinta irin ta makamin ce, suka ko sara. Babu halittar da aka ware aka ce ta tsira saboda ba ta da makasa, kwarangwal da gunki duk suna shan ta. Idan dayis mai fuska 20 ya faɗi a kan 20, wato bugun kawo-wuƙa, ana ninka dukkan dayis ɗin harin har da na shammata, saɓanin bugu na uku inda ba a ninka su. Shu'umar misalin nan za ta watsa dayis takwas ke nan a jifa ɗaya.

4.1 Layi da zagaye

Iyakar da aka sa ita ce sau ɗaya a layi. Faɗa a wasan yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye daƙiƙa shida ne a duniyar labarin, kuma a cikinsa kowane mai rai yana da layinsa. Ƙa'idar ba ta ce sau ɗaya a zagaye ba, ba ta kuma ce a layin shu'umin ba. Saboda haka idan ya yi harin shammata a layinsa, sannan abokin gaba ya juya zai gudu a nasa layin, shu'umin yana iya amfani da martaninsa ya kai masa saran wucewa, kuma in sharuɗɗa sun cika ya sake jefa dayis ɗin ƙari. Haka idan mayaƙi mai dabarun jagoranci ya ba shi umarnin sara a layin mayaƙin. Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara ƙa'idojin bugun, ya tabbatar da wannan fassara a kundin amsoshin hukuma na kamfanin Wizards of the Coast. Tunda martani ɗaya kowa ke da shi a zagaye, abin da ake samu a aikace bai cika wuce biyu ba.

5.0 Abin da lissafi ya nuna

Matsakaicin abin da dayis mai fuska shida ke bayarwa shi ne 3.5, mai fuska takwas 4.5. Shu'umi ɗan mataki na 5 da siririn takobi mai 1d8, da ƙarin 4, da 3d6, yana yin 19 idan ya samu. Mayaƙi ɗan matakinsa yana da sara biyu a layi, da babban takobi mai 2d6 da ƙarin 4, kowane sara 11, jimla 22. A mataki na 11, inda ƙarin kowannensu ya zama 5, shu'umi yana da 6d6, ya kai 30.5, mayaƙi kuma ya samu sara na uku, ya kai 36, tun ba a lissafa sauran dabarunsa ba. Ke nan ko da shu'umi yana samun harin shammata a kowane layi, da ƙyar yake bin ƙurar mayaƙi. In aka hana shi, ɗan mataki na 5 ya faɗo 8.5, ɗan mataki na 11 ya faɗo 9.5, kusan abin da yake yi tun ranar farko.

Dalili shi ne shu'umi ba ya samun ƙarin sara komai matakin da ya taka, alhali mayaƙi yana samu a mataki na 5, na 11 da na 20. Dayis ɗin shammata su ne madadin. Da harshen kasuwa, su ne mudun da aka biya kuɗinsa, waɗanda suka ɗauke su gyara ne suka yi kuskure. Abin da ke ruɗar ido shi ne yadda ɓarnar ke zuwa a dunƙule. Dayis huɗu ko bakwai suna gangarowa kan tebur lokaci guda da ƙara, kowa ya juyo, alhali mayaƙi ya yi fiye da haka a sara biyu ko uku da ba wanda ya tsaya haɗawa.

Dunƙulewar tana da farashi, domin ƙwai duka a kwando ɗaya suke. Idan damar samu kashi 60 ce cikin ɗari, to a layi huɗu cikin goma shu'umi mai sara ɗaya ya tashi a tutar babu. Jifa biyu tana ɗaga damar zuwa kashi 84, ko ta hanyar fifiko, ko ta riƙe gajeren makami a kowane hannu. Wannan ya sa sara na biyu na hannun hagu, wanda ɓarnarsa ba ta taka kara ta karya ba, yake da daraja: inshora ne ga dayis ɗin shammata idan na farko ya kuskure. Amma shi ma aikin ƙari yake ci, wanda shi ne kuɗin ɓuya da na janyewa. Ainihin wasan shu'umi a bugu na biyar yana cikin wannan ciniki na kowane layi, tsakanin tabbatar da sara da tsira da fata. Fifiko yana da wata riba ta daban, domin yana ɗaga damar bugun kawo-wuƙa daga kashi 5 zuwa 9.75 cikin ɗari.

6.0 Gyaran 2024 da hanyar Pathfinder

Lokacin gwajin sababbin ƙa'idoji a 2022, kamfanin Wizards of the Coast ya gwada taƙaita harin ga layin shu'umi kaɗai, daga baya ya janye, littafin 2024 ya fito da tsohuwar iyakar sau ɗaya a layi. An ɗan sauya lafazin ƙofa ta biyu, daga maƙiyin wanda ake hari zuwa abokin tafiyar shu'umi. Bambancin yana fitowa ne idan ɓangarori uku ke faɗa, inda a da shu'umi kan ci gajiyar rigimar da ba tasa ba. Dabarar tsayawa cak ta shigo cikin rukunin a mataki na 3.

Babban sabon abu shi ne daga mataki na 5 dayis ɗin sun zama kuɗin kashewa. Shu'umi yana iya ajiye 1d6 don ya sa wa abokin gaba guba in yana ɗauke da kayan haɗa ta, ko ya taɗe shi ya faɗi, ko shi kansa ya ja da baya rabin tafiyarsa ba tare da an kai masa saran wucewa ba. A mataki na 11 yana iya haɗa biyu, a na 14 kuma a buɗe masa masu tsada, ciki har da sumar da mutum a kan 6d6. Wannan ya magance wani tsohon ƙorafi, cewa layin shu'umi kullum iri ɗaya ne, sai dai ya ƙara rage ɓarnar rukunin da dama can ba shi ne kan gaba ba.

Bugu na biyu na Pathfinder, na 2019, ya bi wata hanya. Dayis ɗin kaɗan ne, 1d6 da farko, 2d6 a mataki na 5, 3d6 a na 11, 4d6 a na 17, amma babu iyakar sau ɗaya, kowane sara da ya samu wanda ya yi sake yana ɗauke da su, kuma sa mutum a tsakiya yana nan daram a matsayin babbar hanya. Wasannin biyu sun gaji abu ɗaya daga bugun 2000, kowanne ya toshe ɓarakarsa ta inda ya ga dama: ɗaya ya rage yawan hari, ɗaya ya rage yawan dayis.

7.0 Hukuncin alƙalin wasa

Gardamar da ta fi tashi a tebur ita ce ta alƙalin da ya ce dodo yana kallon shu'umi, don haka babu shammata. Wannan hukuncin 1978 ne ake yankewa a wasan 2014. A wancan bugu ɓarawo yana da wasu ayyuka da babu mai iya su sai shi, sukar baya kuwa tsintuwa ce. A bugu na biyar an riga an lissafa dayis ɗin cikin rabonsa na kowane layi, aka kuma hana shi ƙarin sara saboda su. Alƙali yana da ikon sauya kowace ƙa'ida a teburinsa, littafin ma ya ba shi wannan iko, amma wanda ya ƙara sharaɗin ɓuya a kan abin da aka rubuta ya zabge fiye da rabin ƙarfin rukuni guda, kuma ya kamata ya faɗa wa 'yan wasansa haka kafin su zaɓi jarumi. Idan yana son matsa wa shu'umi, ƙa'idar ta riga ta ba shi kayan aiki: ya raba shi da abokan tafiyarsa, ya jefa shi cikin naƙasu, ya haska wurin ɓuya, ko ya turo ƙananan maƙiya goma maimakon ƙato ɗaya, tunda harin mutum ɗaya yake ci a layi. Bayan waɗannan, in makami ya dace, hari ya samu, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin a buɗe take, hukuncin da ya dace da littafin shi ne a bar ɗan wasa ya jefa dayis ɗinsa.